Yadda Ɗalibi Zai Kula da Tsaftar Gidan Haya na Tarayya a Ingila

Yawancin ɗaliban da suke zuwa karatu Ingila daga ƙasashenmu ba sa daɗewa a ɗakunan kwanan jami'a, domin kuɗinsu yana da nauyi, sai su koma gidan haya inda mutum huɗu ko biyar za su haɗu, kowa da ɗakinsa, amma kicin ɗaya ne, banɗaki kuma ɗaya ko biyu. Matsalar da take fara bayyana a irin wannan zama ba ta rashin son tsafta ba ce, domin wanda ya tashi a gidan da ake share tsakar gida kafin rana ta fito ba baƙon tsafta ba ne. Abin da yake faruwa shi ne dabarun da muka saba da su an gina su ne a kan siminti da rana, wato a kwara ruwa a ƙasa, a kore shi da tsintsiya zuwa rariya, rana ta busar da sauran. Gidan Ingila kuwa katako ne a ƙarƙashin kafet, tagoginsa a rufe suke kusan rabin shekara saboda sanyi, kuma duk ruwan da ya zuba a cikinsa ba shi da hanyar fita. Wanda ya fahimci wannan tun farko ya rage wa kansa rabin wahala, ya kuma tsare kuɗin ajiyarsa, wato kuɗin da ɗan haya yake bayarwa jingina lokacin kama gida, a mayar masa ranar tashi idan bai yi ɓarna ba.

Mataki na farko ana ɗaukarsa ne a ranar da aka karɓi makulli, tun kafin a kwance akwati. Mai gida ko dillalinsa zai ba ka takardar da ta lissafa kayan ɗakin da halin da suke ciki, kuma da ita za a yi maka hukunci ranar da za ka tashi. Ka bi ta layi bayan layi, ka ɗauki hoton duk wani tabo a kafet, da ƙonewa a kan teburin kicin, da baƙin funfuna a bakin taga, da cikin tanda, da katifa ta fuska biyu, sannan ka tura wa mai gidan hotunan ta imel a ranar, domin kwanan watan ya zama shaida. Dokar Ingila ta wajabta wa mai gida ya ajiye kuɗin ajiyar ɗan haya a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, wato Deposit Protection Service, da mydeposits, da Tenancy Deposit Scheme, cikin kwana 30 da karɓarsu, kuma tun daga shekarar 2019 kuɗin ba sa wuce na hayar mako biyar ga irin gidajen da ɗalibai suke kamawa. Wannan kariya ba ta shafi wanda yake zaune gida ɗaya da mai gidan ba. Tsafta ita ce kan gaba cikin dalilan da ake jayayya a kansu wajen mayar da waɗannan kuɗi, kuma wanda yake da hoto shi ne yake da bakin magana.

Mataki na biyu shi ne zama da abokan zama a makon farko, tun ana ganin girman juna. Kada a bar maganar sai ranar da kwanuka suka taru, domin a lokacin ba tsari za a yi ba, faɗa za a yi. A rubuta ayyukan gidan a takarda a manna a jikin firji, a raba su kashi-kashi gwargwadon yawan mutane: kicin, banɗaki, zuƙe ƙurar falo da matakala, da fitar da shara. Kowane mako aikin yana juyawa, domin kada banɗaki ya zama gadon mutum ɗaya. Abu mafi muhimmanci, wanda kuma aka fi mantawa, shi ne a fayyace abin da ake nufi da an gama aiki, domin wani idan ya goge saman murhu yana ganin ya gyara kicin, wani kuwa sai ya wanke ƙasa ya share firji. A rubuta ƙarara cewa aikin kicin ya ƙunshi goge tebur da murhu, da wanke wurin wanke-wanke, da goge ƙasa, da canza ledar kwandon shara. A kuma yanke yadda za a riƙa sayen sabulun wanke-wanke da soso da ledar shara da takardar bayi, ko a haɗa ɗan kuɗi duk wata, ko a riƙa saye bi da bi.

A wannan zaman ne ya dace ɗalibi Musulmi ya faɗi abin da ya shafe shi cikin ladabi, ba tare da kunya ko tsangwama ba. Zai yiwu abokan zamanka suna dafa naman alade, saboda haka ka sayi tukunyarka da kaskonka da wuƙarka da katakon yanka da sosonka, ka sa musu alama, ka nemi a ware maka kanta ɗaya a kabad da hawa ɗaya a firji, wanda ya fi kyau ya zama na sama domin kada wani abu ya ɗigo a kan abincinka. Idan ba ka son ɗaukar kwalaben giya zuwa wurin shara, ka faɗa tun yanzu, ka karɓi wani aikin a madadinsa mai nauyi daidai da shi. Mutanen can suna girmama irin wannan bayani idan an yi shi a fili, amma ba sa fahimtar wanda ya yi shiru yana ƙin aikin. Akwai kuma maganar da ta shafi samari musamman: wanda ya tashi ƙannensa mata suna share masa ɗaki suna wanke masa kwano ya sani cewa ɗalibar da take zaune a ɗaki na kusa ta biya haya daidai da tasa, kuma ba ta zo ƙasar domin ta yi masa hidima ba, ko da kuwa 'yar garinsu ce.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne buƙatar a tsaya a kansa, shi ne banɗaki. Yawancin banɗakunan gidajen Ingila a bene suke, ƙasansu leda ce ko tayil a kan katako, kuma babu rariya a ƙasa ko kaɗan. Ruwan da ya zuba daga buta ko daga alwala yana bin gefen ledar ya shiga ƙarƙashi, ya jiƙa katako, bayan 'yan makonni sai tabo mai launin ƙasa ya fito a silin ɗakin da yake ƙasa, daga nan fenti ya fara ɓarewa, kuma gyaran irin wannan ɓarna daga kuɗin ajiya ake cire shi. Saboda haka tsarki da ruwa a yi shi a kan masai ana zaune, ta yadda duk ruwan zai faɗa ciki, a cika butar daidai buƙata, a kuma ajiye ta a cikin ƙaramin faranti na roba a lungu maimakon a kan ƙasa kai tsaye. Wanke ƙafa wajen alwala ya fi dacewa a cikin bahon wanka ko wurin shawa, domin ɗaga ƙafa zuwa cikin abin wanke hannu yana fantsama ruwa ko'ina, yana sassauta shi daga jikin bango, kuma abu ne da yake damun abokan zama ƙwarai ko da ba su furta ba. Ka rataye tsumma guda na musamman a bayan ƙofa, duk lokacin da ka gama ka tsane ƙasa da bakin masai kafin ka fita, ta yadda wanda zai shigo da safa a ƙafarsa ba zai taka jiƙa ba.

Lokacin wanka, labulen shawa ya kasance a cikin baho, ba a wajensa ba. Bayan wanka a bar fankar da take zuƙe tururi tana aiki na ɗan lokaci, ko a buɗe taga, a kuma rufe ƙofar domin kada tururin ya bazu cikin gida. A cire gashin da ya taru a bakin magudana kowane lokaci, domin shi da sabulu ne suke toshe bututu. Masai kuwa ba a jefa masa komai sai takardar bayi. Tsumman goge jiki mai danshi da ake sayarwa a leda, da audugar mata, da tsinken goge kunne, duk kwandon shara ne wurinsu, ko da an rubuta a jikin ledar cewa ana iya kora su da ruwa.

Wanke banɗaki na mako-mako yana da tsari: a zuba maganin wanke masai a ƙarƙashin bakinsa a bar shi ya jiƙa, a wanke abin wanke hannu da baho da famfuna, sannan a dawo a goge masai da burushi, a goge murfinsa da maɓallin kora ruwa da mariƙin ƙofa, ƙasa kuma ita ce ta ƙarshe, da abin gogewa da aka matse sosai. Tsumman banɗaki ya zama mai launi dabam da na kicin domin kada a taɓa haɗa su. Wanda yake zaune a Landan da kudu maso gabashin ƙasar zai ga wani farin ɓawo yana taruwa a kan famfo da kan shawa da cikin butar dafa ruwa ta lantarki, saboda ruwan yankin yana ratsa ƙasa mai alli, alhali a Manchester ko Birmingham ba a cika ganinsa ba. Bilic ba ya cire wannan ɓawon, farin ruwan khal ne yake narkar da shi idan aka bar shi a kai na ɗan lokaci kafin a ɗauraye. A nan akwai gargaɗin da ba a wasa da shi: kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, ko kuma da wani maganin wanke masai, domin haɗin yana fitar da iskar gas mai guba wadda take ƙona ido da huhu, kuma a ƙaramin banɗaki marar taga tana iya kai mutum asibiti.

Mataki na huɗu shi ne yaƙi da danshi a cikin ɗakin kwana. Daga watan Oktoba zuwa Maris, idan ka tashi da safe za ka ga gilashin taga ya jiƙe sharkaf daga ciki, ruwa yana gangarowa ya taru a kan katakon da yake ƙasa. Wannan ruwa daga numfashinka da girki da shanyar kaya ya fito, iskar ɗaki mai ɗumi ta ɗauke shi, da ta taɓa gilashi ko bango mai sanyi sai ya koma ruwa. Idan aka bar shi, ɗigo-ɗigon baƙin funfuna zai fara fitowa a kusurwar taga, da bayan kabad, da gefen katifar da ta jingina da bango, har takalman fata da rigunan da aka ajiye a akwati su kama wari. Ka goge tagar da tsumma kowace safiya, ka buɗe ta na minti goma zuwa sha biyar duk da sanyi, ka bar ƙaramar kafar iska da take saman tagar a buɗe kullum, ka janye gado da kabad daga bango gwargwadon faɗin tafin hannu. Ɗaki kuma yana buƙatar ɗumi na kusan digiri 18, domin ɗalibin da ya kashe na'urar ɗumama ɗaki gaba ɗaya don ya rage kuɗin wuta yakan biya fiye da haka a gyaran bango da rashin lafiya. Kayan da aka wanke kada a shimfiɗa su a kan na'urar ɗumama ɗaki ƙofa da taga suna rufe, a shanya su a kan abin shanya a ɗakin da iska take shiga.

Funfuna ba ƙazanta ce kawai ta ido ba. A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak ya rasu a garin Rochdale, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar funfunar gidansu ce ta jawo ajalinsa, bayan iyayensa sun sha kai ƙorafi ba a gyara ba. Idan tabon ƙarami ne, ka sa safar hannu, ka buɗe taga, ka goge shi da maganin funfuna da ake sayarwa a manyan kantuna, ka jefar da tsumman. Amma idan yana dawowa duk da kana kiyaye iska da ɗumi, ko bangon yana jiƙe ko da rani, to akwai yoyo a rufi ko a bututu, kuma gyaran ginin haƙƙin mai gida ne a doka. Ka rubuta masa tare da hoto, idan ya yi biris ka kai maganar sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukumar yankin.

Mataki na biyar shi ne kicin, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: wanda ya yi girki ya wanke kayansa kafin ya bar wurin, ko da kuwa girkin sahur ne. Tukunyar tuwo da aka jiƙa da niyyar wankewa gobe tana hana mutum huɗu amfani da wurin wanke-wanke. Girkinmu yana son mai da yaji, ga daddawa da busasshen kifi, kuma a gidan da yake rufe warin yana shiga labule da kafet da rigunan mutane, saboda haka a kunna fankar saman murhu tun kafin a ɗora tukunya, a rufe ƙofar kicin, a buɗe taga, a riƙa rufe tukunya da murfi, a kuma adana kifi da daddawa a cikin robar da take rufuwa ruf. Soya manja har ya yi hayaƙi yana tayar da na'urar gano hayaƙi, haka ma turaren wuta, wanda yarjejeniyar haya da yawa ta haramta shi tare da kyandir. Kada a taɓa rufe na'urar da leda ko safa ko a cire mata batir, domin rayukan duk mutanen gidan ne suka dogara da ita.

Man da aka gama suya da shi ba a zuba shi a magudana. Yana daskarewa a cikin bututu saboda sanyi, ya haɗu da tarkace ya zama dutse. A shekarar 2017 ma'aikatan kamfanin ruwa na Thames Water sun gano wani dunƙulen kitse da tsumma a magudanar unguwar Whitechapel a Landan, mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250, kuma daga kicin-kicin da banɗakunan jama'a ya taru. A bar man ya huce, a juye shi a kwalba mai murfi a sa a shara, a goge kaskon da takarda kafin a wanke.

Akwai wata al'ada tamu da hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar take hanawa, wato wanke ɗanyen kaza a ƙarƙashin famfo, domin ruwan da yake fantsama yana watsa ƙwayoyin cuta a kan kwanukan da aka kife da tebur, alhali dafuwa sosai ce take kashe su. Wanda zuciyarsa ba ta yarda ya dafa naman da bai wanke ba, ya wanke shi a hankali a cikin roba mai zurfi bayan ya kawar da komai daga kusa, sannan ya wanke wurin da hannayensa da sabulu da ruwan zafi nan take. Firji ya kasance a digiri 5 ko ƙasa da haka. Miyar da aka dafa da yawa a raba ta a ƙananan robobi, a rubuta suna da kwanan wata, abin da ba za a ci cikin kwana biyu ba a sa shi a firiza. Shinkafa ta fi kowane abinci saurin zama haɗari idan ta kwana a kan murhu, don haka a sanyaya ta a sa a firji cikin awa ɗaya, a kuma cinye ta washegari. Ɓarbashin abinci a bayan murhu da buhun shinkafa a buɗe su ne suke gayyato ɓera a tsofaffin gidaje, kuma idan ya shigo ba ya tsayawa a ɗakin mutum ɗaya.

Mataki na shida shi ne shara. Kowace ƙaramar hukuma tana da nata tsarin da nata launin manyan kwandunan, saboda haka abin da ka saba da shi a wani gari ba lallai ya yi aiki a wani ba. Ka shiga shafin hukumar ka sa lambar unguwarku, za ka ga ranar ɗiba da abin da kowane kwando yake karɓa. A wurare da yawa mako guda ake ɗibar sharar gama-gari, mako na gaba kuma kayan da ake sake sarrafawa, irin su kwali da gwangwani da robobi. A ɗauraye gwangwanin tumatir da robar madara kafin a jefa, domin idan ma'aikata suka ga ragowar abinci a kwandon da bai dace ba sukan bar shi a wurin da takarda a manne, sai gidan ya zauna da shi har zagaye na gaba. A fitar da kwando daren jajibirin ɗiba, a rufe murfinsa ruf saboda dila da tsuntsaye, a kuma mayar da shi ciki bayan an kwashe.

Ɗakinka kuwa aikinsa kaɗan ne idan ana yi a kai a kai. Tsintsiya ba ta fitar da ƙurar kafet, injin zuƙe ƙura ne yake yi, sau ɗaya a mako, kuma a riƙa zubar da abin da ya tara. A cire takalmi a bakin ƙofa, a wanke zanin gado duk mako ko mako biyu a ruwa mai zafin digiri 60, shayi ko miyar da ta zuba a kafet kuma a danna ta da tsumma nan take maimakon a cuɗa. Katifa ko kujerar da aka yar a bakin titi kada a ɗauko ta, domin da irinta kuɗin cizo yake shiga gida.

Mataki na ƙarshe yana zuwa ne mako biyu kafin tashi. A ɗauko takardar ranar shiga da hotunanta, a raba aikin tsakanin duk mazauna gidan, domin idan yarjejeniyar haya ɗaya kuka sa wa hannu tare, ɓarnar mutum ɗaya tana iya shafar kuɗin kowa. Wuraren da masu dubawa suke fara leƙawa su ne cikin tanda, da ragar fankar saman murhu, da robar bakin ƙofar injin wanki, da saman kabad, da bayan masai, da katakon gindin bango. A kashe firiza kwana ɗaya kafin a tashi, a shimfiɗa tawul a gabanta, a bar ƙanƙarar ta narke da kanta ba tare da an sa wuƙa ba. Doka ba ta yarda mai gida ya tilasta maka biyan kamfanin tsaftace gida ba, abin da ake nema shi ne ka mayar da gidan a tsaftar da ka same shi, kuma ba a cire kuɗi saboda tsufan da kaya suke yi da amfani na yau da kullum. Bayan an gama a sake ɗaukar hoton kowane ɗaki da mitar wuta da ta gas, sannan a miƙa makulli. Idan an amince da adadin da za a mayar, kuɗin suna dawowa cikin kwana 10, idan kuma mai gida ya cire abin da ba ka yarda da shi ba, ka shigar da ƙorafi kyauta a hukumar da take riƙe da kuɗin, ka haɗa da hotunan ranar shiga da na ranar fita da duk saƙonnin da kuka yi musaya.